Kayan da Teku Ya Amayar, da Wahalar Share Su

  

Yau ina so mu yi hira bisa teku. Na san wani zai ce: "Mu mutanen Dumega, ina ruwanmu da teku? Ko kogin Isa ba kowa ya taɓa gani ba cikinmu." Gaskiya ne, ƙasarmu Nijar ba ta da gaɓar teku ko taki ɗaya. Amma dubi shinkafar da kake saye ranar suna. Dubi takalmin roba da ke ƙafarka, da tocilar da kake haska garke da ita, da rediyonka, da babur ɗin da ke kai ka kasuwa. Mafi yawan waɗanga kaya sun yi makonni bisa ruwan teku kafin su iso hannunka. Wasu kayan kuwa ba su isowa. Suna faɗawa ruwa a hanya, ruwa ya kai su bakin garin wasu mutane waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Labarin waɗanga mutane zan ba ka, don abin da ya same su yana da ɗan'uwa a nan wurinmu.

Yadda kaya suke tafiya bisa ruwa

Ina saurayi na yi aikin yaron mota shekara uku. Mukan ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a ƙasar Benin, mu biyo ta Paraku da Malanbil, mu ƙetare gada mu shigo Gaya. Daga nan sai Doso, sai Dogondutsi, sai Ƙonni, har Maraɗi. A lokacin mafi yawan kayan Nijar ta wagga hanya suke shigowa. A shekarar 2023 anka rufe iyakar, kaya da yawa sunka koma biyowa ta Lome, a ƙasar Togo.

A Kwatano na fara ganin teku. Ruwa ne wanda ido ba ya ganin ƙarshensa, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya ko da dare. Yana tasowa kamar tudu, ya bugi rairayi, ya koma, ya sake dawowa. Duk abin da ya faɗa cikinsa, in mai yawo bisa ruwa ne, wata rana sai ya tofo shi a gaɓa.

Can kuma na ga yadda ake loda kaya. Ana zuba su cikin wani babban akwatin ƙarfe da ake kira kwantena. Ka san shi, don ka ga wanda anka mai da shi kanti a bakin hanya. Ƙaramin tsawonsa metir 6 ne, babban metir 12. Ana jera su cikin jirgi, a ɗora wani bisa wani, hawa bakwai ko takwas bisa rufin jirgin, kamar yadda muke ɗora damman hatsi bisa amalanke. Sannan a ɗaure su da sandunan ƙarfe. Kai da ka taɓa kora amalanke, ka san abin da ke faruwa in kaya sun yi tsawo, hanya kuma ta yi gargada. Amalanke ya karkata dama, ya karkata hagu, igiya ta tsinke, dammai su watse. Haka jirgi yake yi in iska ta taso.

Kowace shekara ana ɗaukar kwantena wajen miliyan 250 bisa tekunan duniya. Ƙungiyar masu manyan jiragen dakon kaya ta ce a shekarar 2024 guda 576 ne sunka faɗa ruwa. In ka gwada da yawan da ake ɗauka, kaɗan ne. Amma ga wanda kayan sunka zube a ƙofar gidansa, kwantena ɗaya ma ta isa.

Daren 1 ga Janairu 2019

A arewacin ƙasar Holand, can Turai, akwai wasu tsibirai a jere. Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina, sai da jirgi ake zuwa. Mutanen wurin suna kiwon shanu da tumaki, suna kamun kifi, suna saukar da baƙi masu zuwa shan iska. Ɗaya daga tsibiran sunansa Teshelin. Wani kuma sunansa Sikirmonikog, mutanensa duka ba su kai 1,000 ba. Ƙauye ne kamar namu.

Daren 1 ga Janairu 2019, wani jirgi mai suna MSC Zoe ya biyo ta arewa da tsibiran nan. Ya taso daga Fotugal za shi Jamus. Tsawonsa kusan metir 400, wato kamar filin ƙwallo huɗu a jere. Yana ɗauke da kwantena fiye da 8,000. Iska mai ƙarfi ta taso, igiyar ruwa tana dukan jirgin daga gefe. Hanyar da ya bi kuma ba ta da zurfi sosai. Jirgin ya yi ta tangaɗi, sandunan ɗauri sunka karye. Cikin daren nan kwantena 342 sunka faɗa teku, ɗauke da kaya fiye da ton 3,000. Ton ɗaya buhu 10 ne na kilo 100. Yi lissafi da kanka.

Yawancin akwatunan sun fashe tun wurin faɗuwa. Da gari ya waye, mutanen tsibiran sunka fito sunka tarar da gaɓarsu ta koma kamar kasuwar da iska ta watse. Takalma dubbai, kujeru, telebijin, ƙwan fitila, kayan wasan yara, barguna, kayan gyaran mota, duka kwance bisa rairayi iyakar ganinka. Ga kuma farin soson nan mara nauyi da ake naɗe rediyo da shi cikin kwali. Ya marmashe, iska tana kwasarsa tana kai shi cikin ciyawa.

Cikin kwantenonin da sunka ɓace akwai masu ɗauke da kaya masu haɗari. Ɗaya tana da buhunan wani farin gari da masana'antu suke aiki da shi, mai ƙona fata, mai saurin kama wuta. Wata tana da batura. An tsinci buhun garin nan a gaɓar Sikirmonikog. Hukuma ta yi shela cewa duk wanda ya ga irin buhun kada ya taɓa, ya ja da baya, ya kira ƴan kwana-kwana. In ka gan shi da ido, ba ka raba shi da garin rogo.

Ranar ɗauka

Ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Ranar farko mutane da yawa sun zo da murna. Wanga ya saɓa telebijin, wancan yana neman ƙafar takalmi ta biyu. Kafin rana ta faɗi, abin da ke da kuɗi ya ragu ƙwarai.

An taɓa yin wanda ya fi haka a Ingila. A watan Janairu 2007, wani jirgi mai suna MSC Napoli ya lalace, anka jawo shi kusa da wani ƙauye da ake kira Baranskom. Kwantena fiye da 100 sunka faɗa ruwa, wasu sunka fito gaɓa. Da labari ya bazu, mutane sunka yi ta zuwa daga garuruwa masu nisa. Sun tura sababbin babura ƙirar BMW sun tafi da su. Sun fasa akwatunan da ba su fashe ba. Abin da ba su so, sai su watsar nan bisa rairayi. Har kayan ɗakin wasu iyalai masu ƙaura zuwa wata ƙasa anka tone, anka yar da hotunansu. Da taron ya watse, ƙazantar da ke gaɓar ta ninka wadda teku ya kawo. Mutanen ƙauyen ne anka bari da ita.

To, kayan da ruwa ya kawo, na wane ne? Dokar Ingila ta ce suna nan na mai su. Wanda ya tsinta sai ya sanar da hukuma cikin kwana 28. Wanga bai zama baƙon zance gare mu ba. Malamanmu sun karantar da mu hukuncin tsintuwa: abin da ke da daraja, a adana shi, a yi cigiyarsa har shekara. Iyayenmu ma haka sunka yi da akuyar da ta ɓato cikin garke. Ana kai ta gidan maigari, a yi shela ranar kasuwa. Faɗuwar kaya daga jirgi ko daga mota ba ta raba su da mai su.

Ranar shara

Ɗaukar telebijin ba ta son kira. Shara ita ke son kira. Mutanen tsibiran Holand sun gane da wuri cewa in sunka jira, ruwa zai sake janye tarkacen ya koma da shi, iska kuma ta binne saura cikin rairayi. Sai sunka yi abin da mu muke kira gayya. Magadan garuruwa sunka yi kira. Manoma sunka fito da taraktocinsu. Ƴan lakwal da tsofaffi sunka fito da buhuna da safar hannu. Mutane ɗaruruwa sunka ƙetaro cikin jirgin fito daga manyan garuruwa don su taimaka, ba wanda ya biya su. Gwamnati ta aiko da soja wajen 100 zuwa Sikirmonikog, don mutanen tsibirin sun yi kaɗan ga aikin. Masu jiragen kamun kifi sunka shiga ruwa suna tsamo abin da ke yawo. Ka tuna lokacin sanyi ne, sanyin da ya fi na darinmu nesa ba kusa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikin ƴan kwanaki manyan tarkace sunka kau. Baƙo in ya zo sai ya ce an gama. Nan ne kuwa aikin ya fara.

Akwai wani abu da ake kira ƙwayar roba. Girmanta kamar ƙwayar dawa. Ita ce masana'antu suke narkawa su yi bokiti, da buta, da takalmi, da leda. Ana ɗaukarta cikin buhuna. Buhunan sun fashe, ƙwayoyin sun bi ruwa sun watsu. Malaman jami'ar Goroningen, da taimakon jama'a, sun ƙiyasta cewa wajen miliyan 24 sun fito bisa gaɓar yankin. Ba mai so ya kai ta gida, don ba ta da amfani gare shi. Tsintsiya ba ta kama ta. Ba ta ruɓewa kamar kara ko kashin shanu. Tsuntsu yana ganinta ya ɗauka ƙwan kifi ne, ya haɗiye. Kifi ma haka. Cikinsu ya cika da abin da ba ya narkewa.

Wurin kuwa matattarar tsuntsaye ce. Miliyoyinsu suna yada zango can su ci su ƙoshi, sannan wasunsu su taso har gaɓar Afirka ta Yamma, wajen Muritaniya da Gine Bisau, su yi hunturu. Kamar yadda shamuwa take zo mana da damana ta koma, haka su ma suke da ƙasa biyu.

Abin da ya faru a Siri Lanka ya fi wanga muni. Siri Lanka tsibiri ne babba kudu da Indiya. Ran 20 ga Mayu 2021 wani jirgi mai suna X-Press Pearl ya kama wuta kusa da birnin Kolambo. Yana ɗauke da kwantena 1,486. Cikinsu akwai ton 25 na wani ruwan guba mai cin ƙarfe, wanda ya fara yoyo tun jirgin yana hanya. Jirgin ya yi kusan mako biyu yana ci, sannan ya nutse. Ƙwayar roba wajen ton 1,680 ta zube cikin teku, wato buhu 16,800 na kilo 100. A wasu wurare ta rufe rairayi fari fat, ƙafa tana nutsewa ciki. Kunkurun teku da manyan kifaye sun yi ta fitowa matattu. Gwamnati ta hana kamun kifi a tsawon kilometir 80 na gaɓa. Masunta dubbai sunka zauna gida. Ka ɗauka an ce maka bana kada ka shiga gonarka, alhali rumbu ya kusa ƙarewa.

Ka san da mi anka yi aikin share wagga ƙwaya? Da shebur da rariya. Sojan ruwa sun kwashe mai yawan. Saura kuwa, mata da maza sunka duƙa bisa rairayi, wata da watanni, suna tankaɗe. Wani lokaci su zuba rairayin cikin ruwa: rairayi ya nutse, roba ta taso, su yaɗe ta. Ke uwargida da kike rairayar hatsi cikin ƙwarya don ki fid da tsakuwa, aikinki ne sak. Bambancin kawai, ke kina rairayar tiya ɗaya, su kuwa gaɓar ƙasa guda ce gabansu.

Har yaushe abin yake daɗewa? Ga misali. A watan Fabrairu 1997 igiyar ruwa ta bugi wani jirgi mai suna Tokio Express kusa da Ingila, kwantena 62 sunka faɗa. Ɗaya tana ɗauke da ƙananan kayan wasan yara na roba, ƙirar Lego, kusan miliyan 5. Bayan shekara 25 mutane suna ta tsintarsu a gaɓar yankin Konwal, launinsu bai ko gushe ba. Yaron da anka haifa shekarar da jirgin ya yi ɓarin ya yi aure ya haihu, kayan suna nan.

Wa zai biya?

Mai ɓari shi ya kamata ya kwashe. Kowa ya yarda da haka a baki. Amma mai jirgi yana wata ƙasa, jirgin an yi masa rajista a wata ƙasa, masu kayan suna ƙasashe goma. Mai ƙauye kuwa yana nan inda kayan sunka zube.

A Holand kamfanin jirgin ya biya jiragen da sunka tsamo tarkace daga ƙarƙashin ruwa. Duk da haka an ƙiyasta wajen ton 800 sun rage a can. Garuruwan tsibiran sun rubuta duk abin da sunka kashe: man tarakta, kwanakin ma'aikata, kuɗin kwashe shara. Da wagga takarda anka yi ta ja da kamfanin. Sai a farkon 2021, bayan shekara biyu, anka daidaita bisa kuɗin Turai yuro miliyan 3.4, wato fiye da sefa miliyar 2. A Siri Lanka, sai a watan Yuli 2025 babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci cewa masu jirgin su biya dala miliyar 1. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Shekara huɗu ke nan bayan gobarar. Masuncin da ya rasa abincin iyalinsa a 2021 bai iya jiran kotu kafin ya ci tuwo ba.

Abin lura a nan: waɗanda sunka rubuta ɓarnar tun ranar farko, da kwanan wata da adadi, su ne sunka samu bakin magana. Wanda ya ce "an yi mana ɓarna da yawa" kawai, ba a san abin da za a biya shi ba.

Tamu gaɓar

Yanzu mu dawo gida. Mu ba mu da teku, amma muna da abu biyu da ke kawo mana kayan da ba mu aika a kawo ba. Na farko hanyar kwalta, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Kore Mairuwa da Dogondutsi. Manyan motoci suna bin ta dare da rana, da shinkafa, da siminti, da taki, da maganin ƙwari, da man fetur. Na biyu ruwan damana. Muna zaune cikin Dallol Mawri, wuri mai gangare. Duk abin da anka yar bisa tudu, ruwa yana wanko shi ya kawo shi fadama, inda muke da rake da rogo da garake, inda bisashenmu suke sha. Ruwan rijiyoyinmu kuma ba shi da nisa da bisa. Abin da ya jiƙa cikin ƙasa ba ya daɗewa bai iske shi ba.

Lokacin da nake bin mota na ga wata babbar mota ta faɗi da buhunan takin zamani kusa da wani tabki, farkon damana. Kafin jandarma su iso, buhunan da ba su fashe ba sun shige gari. Waɗanda sunka fashe anka bari nan, taki fari bisa ƙasa, da yagaggun buhuna. Kowa ya ce ba aikinsa ba ne. Da dare anka yi ruwa. Da munka biyo ta wurin a komowa, mutanen garin sunka gaya mana awaki da tumaki sun mutu, waɗanda sunka lashi takin da waɗanda sunka sha ruwan da ya kwanta wurin. Takin nan fari mai kama da sukari yana kashe dabba mai tuƙa in ta ci shi da yawa. Da an samu mutum goma da shebur sun kwashe shi tun da rana, an watsa shi cikin gona inda zai yi amfani, da ba a yi hasarar ba. Wanda ya samu buhu ya ci riba. Wadda ta rasa tunkiyarta, wataƙila ko wurin ba ta je ba.

Wanda ya fi wanga ciwo shi ne na man fetur. Daren 5 ga Mayu 2019 wata motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai. Mutane sunka taru da bokitai da jarkoki suna ɗiba. Wuta ta tashi. Fiye da mutum 50 sunka mutu a daren, wasu sunka cika daga baya a likita. Ran 15 ga Oktoba 2024 irin haka ta faru a garin Majiya, jihar Jigawa, a Najeriya. Can fiye da mutum 150 sunka rasu. Ba mugaye ba ne. Talakawa ne irinmu, mai ya yi tsada, sunka ga kamar arziki ne ya zo har gida. Fetur ba ya bukatar ashana. Tururinsa yana bin ƙasa, tartsatsi kaɗan daga babur ko daga ƙarfen da ya gogi kwalta ya ishe shi. Garin neman gira an rasa ido.

Ƙwayar roba kuwa, tamu ita ce leda. Dubi bayan kasuwa in ta watse. Dubi ƙayar da ke bakin gari, ta yi baƙi da leda kamar jemagu sun sauka. Tambayi mahauta abin da suke fiddawa daga tumbin akuya da saniya. Dabba tana ci, tana ramewa, mai ita yana sayen magani a banza. Leda tana toshe magudanar ruwa, tana hana ruwa shiga ƙasa a gona. A watan Nuwamba 2014 ƙasarmu ta kafa dokar hana shigo da irin ledar nan mara kauri da sayar da ita. Doka tana bisa takarda. Ledar da ta riga ta shiga fadama, hannu ne kaɗai zai fid da ita.

Abin da za mu yi

Ga abin da na koya daga mutanen gaɓar teku, na ga zai yi mana amfani.

In mota ta faɗi, a fara da mutanen da ke cikinta. A ceci rai, a aika a gaya wa maigari da jandarma da ofishin magajin gari.

In motar mai ce, kowa ya yi nisa. A kore yara. Kada a kunna taba, kada a tada babur kusa. Ko ɗigo kada a ɗiba.

Kafin ka taɓa buhu ko gwangwani ko tano, duba jikinsa. In ka ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, guba ce. In ka ga hoton harshen wuta, abin yana kamawa. Maganin ƙwari mai jan layi a gindin takardarsa shi ne mafi haɗari. Irin waɗanga a bar wa malaman gona da hukuma. Galan ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko an wanke shi sau goma, kada a zuba masa ruwan sha ko man gyaɗa.

Kayan da ba su lalace ba, a tara su wuri ɗaya, a sa mai gadi, a ƙidaya su gaban shaidu har mai su ya zo. In ya ga dama ya yi ihsani, wannan halal ne, ka ci da kwanciyar rai.

A share wurin kafin ruwa ya sauko, kada a tsaya ga manyan kaya kaɗai. Yagaggen buhu, da fasasshen kwalba, da ƙasar da mai ko taki ya jiƙa, su ne masu cuta. A ɗaure hannu da tsumma mai kauri ko safa, a sa takalmi, a rufe hanci. A hana bisashe zuwa wurin sai an gama. Kada a ƙone roba kusa da gidaje, hayaƙinta yana cutar ƙirji. Ramin shara a gina shi bisa tudu, nesa da rijiya da tabki.

Wanda ya iya rubutu cikinku ya ɗauki takarda. Ya rubuta ranar, da lambar motar, da irin kayan, da gonar wanda ta ɓaci, da dabbobin da sunka mutu, da mutum nawa sunka yi aiki kwana nawa. A kai wa maigari kofi ɗaya, a ajiye ɗaya.

Ledar gari kuwa ba ta jiran mota ta faɗi. Dattawanmu suna tuna zamanin samariya, cikin shekarun 1970 da 1980, lokacin da ake buga ganga matasa su fito su share gari, su gyara hanya, su gina aji. Gangar ba ta ɓace ba, matasa ma suna nan. A zaɓi rana ɗaya kafin ruwan farko, unguwa-unguwa, maza da manjagara, mata da tsintsiya, a bi bakin kasuwa da magudanai da gefen tabki. Mai zuwa cefane kuma ya riƙa ɗaukar kwandonsa ko ƙwaryarsa, kamar yadda iyayenmu mata sunka saba.

Ka karanta wa maƙwabcinka wanga labari da dare, ku yi shawara. In garinku ya taɓa yin irin wagga gayya, ku rubuto ku gaya mana yadda kunka yi, don wasu garuruwa su koya.

Allah ya tsare matafiya na ruwa da na tudu. Allah ya ba mu damana mai albarka. Na bar ku lafiya.